Sayen ƙaramin jirgi a ba makaranta haya don tara awannin tuƙi: kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Bakatsine: Assalamu alaikum manya. Shawara nake nema. Wanda ya riga ya karɓi lasisin PPL, na tuƙin kai ba na kasuwanci ba, a Amurka, yana neman cika awa 250 don CPL, lasisin tuƙin kasuwanci, bayan nan kuma 1,500 ɗin da kamfanonin jirage suke nema. Maganar da ke yawo tsakanin ɗalibai ita ce, maimakon a yi ta zuba wa makaranta kuɗin haya, gara a sayi tsohon Cessna 172 ko 152, a ba makarantar haya, ɗalibanta su riƙa biya, kuɗinsu ya ɗauki nauyin jirgin, mai shi kuma ya riƙa tashi kusan kyauta. In ya gama ya sayar. Da gaske abin yana tafiya haka?

Kaftin: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a taɓa maganar kuɗi, fara ƙirga awannin da kai za ka biya da aljihunka. Dokar FAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, ta ce awa 40 ake nema don PPL, amma yawancin mutane sai sun kai 60 ko 70. Daga nan zuwa 250 awa 180 ne zuwa 190, kuma a cikinsu akwai waɗanda tsohon 172 mai tsofaffin agoguna ba zai ba ka ba: awa 10 na CPL dole a yi su a jirgi mai naɗe ƙafafu da farfela mai sauya kusurwa, ko mai injin turbin, ko mai allon zamani da na'urar tuƙa kai. Na jirgi mai inji biyu ma daban ne. Daga 250 zuwa 1,500 kuwa kusan babu mai sayensu da kuɗinsa. Lasisin koyarwa ake yi, a riƙa koyar da ɗalibai, ana biyanka kana tara awa. Wannan ƙa'ida ta 1,500 ga mataimakin matuƙi ta fara aiki ne a 2013, bayan haɗarin jirgin Colgan Air kusa da Buffalo a 2009, kuma tun daga lokacin koyarwa ce babbar hanyar da matasa ke bi. To tambayar ta koma haka: za ka sayi jirgi sukutum don awannin da ba su kai 200 ba?

Bakatsine: Ranka ya daɗe, in rangwamen da za a samu a kan 200 ɗin yana da yawa fa?

Hajiya Akanta: Bari mu sa shi a takarda. Alƙaluman nan na misali ne kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya, kowa ya cire su ya sa na garin da yake.

A ce makaranta tana ba da 172 a kan dala 170 a awa, har da mai. Ta cire kasonta, a ce kashi 20 cikin ɗari, dala 34 ke nan, saura 136. Jirgin yana shan galan 8 da rabi a awa, galan ɗaya dala 6, mai ya ci 51, saura 85. Inji yana da wa'adin awa 2,000 kafin a sauke shi a sabunta. In sabuntawar da cirewa da mayarwa za su ci dala 36,000, kowace awa sai ka ajiye 18, saura 67. Gyaran yau da kullum, wato binciken awa 100, baƙin mai, taya, birki, fulogi, a sa 30, saura 37. Ajiyar farfela da rediyo da kujeru a sa 5. Abin da ya rage maka a kowace awar haya dala 32 ne.

Sai kuɗin da ba ruwansu da ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba: inshora a ce 9,000 a shekara, wurin ɗaure jirgi 1,200, binciken shekara 2,500, ƙananan abubuwa 500. Jimla 13,200. Raba da 32, ya ba ka awa 412 a shekara, kusan 35 a wata, kafin ka dawo da kuɗinka ba riba ba faɗuwa. Wannan in da tsabar kuɗi ka saya. In bashi ka ci kana biyan dala 1,000 a wata, nauyin ya koma 25,200, kana bukatar kusan awa 790 a shekara, wajen 66 a wata, kowane wata, har da na sanyi da na ruwa.

Awanninka na kanka kuma ba kyauta ba ne. Mai 51, inji 18, gyara 30, ajiya 5, dala 104 ke nan. Rangwamenka 66 ne a awa. A kan awa 180 bai kai dala 12,000 ba. Yanzu ɗora wannan kusa da kuɗin binciken kafin saye, harajin saye na jihar, gyaran shekarar farko wanda kullum ya fi na sauran shekaru, da ladan dillali ranar sayarwa.

Bakano: Hajiya, lissafin ya yi tsauri kaɗan. Akwai abin da kika bari. Makaranta tana karɓar kuɗi ne da agogon Hobbs, wanda ke fara ƙirga daga tayar da inji har kashe shi, minti sittin awa guda. Gyara da wa'adin inji kuwa yawanci da agogon juyin inji ake bin su, shi kuma yana tafiya a hankali in inji yana sululu, a kan hanyar zuwa titin tashi ko lokacin sauka. A jirgin koyo, in Hobbs ya nuna awa 1.2, na inji yakan nuna wajen 1.0. Ke nan ana biyanka awa 120, kai kuma kana gyaran awa 100. Mai ma haka, ɗalibin da ke zagayen fili yana tashi yana sauka ba ya ƙona galan 8 da rabi a awar Hobbs, ya fi kusa da 7. In aka gyara waɗannan, 32 ɗin nan za ta iya haura 45.

Hajiya Akanta: Gaskiya ne Malam, na karɓa. Da 45, wanda ba shi da bashi yana bukatar awa 293 a shekara, mai bashi 560. Amma a duba yarjejeniya da kyau, don ba kowace makaranta ce ke biyan mai jirgi da Hobbs ba. In ta karɓa da Hobbs ta biya ka da na inji, wannan ratar ta tafi aljihunta.

Injiniya: Ni dala 30 ɗin gyara ce ban yarda ta yi yawa ba, ko an gyara agogo. Ku bari in faɗi abin da ɗalibi ke yi wa jirgi.

Taya ita ce ta farko. Ɗalibi ya sauka ƙafarsa tana kan birki, taya ta ja a kan kwalta, wuri ɗaya ya cinye har zare ya fito. Sabuwa ce ko tsohuwa, ta tashi aiki. Sai ƙafar gaba. 172 ba ya son a sauke shi a kan hanci. In ɗalibi ya zo da gudu ya yi tsalle, ya tura sanda gaba don ya manna shi ƙasa, nauyin yana bi ta ƙafar gaba ya shiga bangon ƙarfen da ke raba inji da mazaunin matuƙi, bangon ya lanƙwashe daga ƙasa. Daga waje ba za ka ga komai ba sai an cire murfin inji an haska tocila, sannan a ga ƙarfen ya yi ƙunci kamar an murɗe shi. Gyaransa aikin makonni ne. In kuwa farfela ta taɓa ƙasa inji yana juyawa, ko da bakinta kawai ya karce, Lycoming, kamfanin da ke ƙera injin, ya ce a buɗe inji a duba, akwai kuma umarnin FAA a kan haka. Inshora za ta biya buɗewa da abin da bugun ya lalata. Abin da aka tarar ya riga ya cinye saboda tsufa, kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) mai tsatsa ko silinda da ta gaji, naka ne, kuma babu makanikin da zai rufe inji ya sa hannu da su a ciki.

Sai ƙananan da ba sa ƙarewa. Kik da ake ta murzawa sau goma a yini. Fulogi da dalma ke toshewa saboda an bar inji yana sululu da mai da yawa, tunda 100LL, man ƙananan jiragen nan, yana da dalma a ciki. Injin O-235 na 152 ya yi suna a wannan. Magneto na Slick, wanda ke ba fulogi wuta, ana buɗe shi duk awa 500. Famfon iska mai juya agogunan tuƙi cikin gajimare shi ma wajen nan ake fara zarginsa. Baƙin mai duk awa 50 in akwai filta, 25 in raga ce kawai. Layin da kujerar Cessna ke gudu a kai yana da umarnin FAA na kansa, a duba shi duk awa 100 ko duk shekara, saboda in ramukan sun buɗe kujera tana iya zamewa baya lokacin tashi, matuƙi ya ja sanda tare da shi.

Kuma kowane ɗayan nan kwana ne da jirgi zai yi a rumfa. Jirgin da ke yin awa 60 a wata yana shiga binciken awa 100 kusan duk mako bakwai. In makaniki ɗaya ne a filin kuma jiragen makarantar na kanta suna gabanka a layi, kwana biyu ya zama mako.

Bakatsine: Injiniya, binciken awa 100 ɗin dole ne ko makaranta ce ke ƙaƙaba shi?

Injiniya: Dokar FAA ce, sashe na 91.409. Dole ne in ana ɗaukar mutum don kuɗi, ko in wanda ke koyarwa don kuɗi shi ya kawo jirgin. Makarantar da ke ba da jirgi da malami tare ta shiga ciki. In jirginka ne kai kaɗai kake tashi, ka ɗauko malami ka biya shi ya koya maka a ciki, binciken shekara kawai ke kanka. Wannan kaɗai babban bambanci ne tsakanin riƙe jirgi da ba da shi haya. An yarda a wuce da awa 10 in hanyar zuwa wurin binciken ake, amma abin da aka wuce ana cire shi daga ɗari na gaba.

Malamin Tuƙi: Akwai abin da lissafi ba ya nunawa, kuma shi ne ya fi ci wa masu neman awa tuwo a ƙwarya. Lokacin da jirgi ke kawo kuɗi shi ne lokacin da kai ma kake son sa: Asabar da Lahadi, safiya mai kyau, yammacin da iska ta kwanta. Kai kuma awannin da kake nema na doguwar tafiya ne. Lasisin tuƙi da agoguna yana neman awa 50 na tafiya gari zuwa gari kana shugaban jirgi, CPL yana da tafiyar mil 300 na ma'aunin jiragen ruwa, ATP kuma, lasisin da ake samu a awa 1,500, yana neman 500 na doguwar tafiya da 100 na dare. In ka ɗauki jirgi ranar Asabar ka yi awa 5, ka kori ɗalibai huɗu ko biyar. Sau uku ka yi haka, mai tsara jadawali zai mayar da su wani jirgin, kuma ɗalibi in ya saba da jirgi ba ya son sauyawa. Sai ka ga awanninka na wata sun faɗo daga 60 zuwa 35. Abin ya yi kama da mai tasi da ya ba direba mota yana jiran balas, sannan kullum da safe shi ke karɓar makullin ya kai yara makaranta.

Abin da ke aiki shi ne mai jirgi ya ɗauki dare da tsakiyar mako. Daren ma kana bukatarsa.

Bakano: To ai ka ga ke nan akwai hanya. Ni dai ba na son a kashe wa yaron gwiwa gaba ɗaya. Akwai waɗanda abin ke yi musu kyau, kuma an san siffarsu: sun saya da kuɗinsu ba bashi, makarantar tana da ɗalibai fiye da jirage, garin yana da sararin sama mai kyau yawancin shekara kamar Arizona ko Florida, kuma mai jirgin yana kusa, yana leƙa shi kowane mako. Doka ma ta yarda mai lasisin PPL ya yi wa jirginsa ƙananan ayyuka da hannunsa, canjin baƙin mai, taya, wanke fulogi da gyara ratarsu, ya rubuta a littafi ya sa hannu, muddin ba jirgin jigilar fasinja ba ne. In kuma mai jirgin ya zama malami a makarantar, ɗalibansa a jirginsa za su riƙa tashi, yana cin ladan koyarwa, yana cin haya, yana tara awa, kuma yana zaune a ciki yana hana a wulaƙanta masa inji. Wannan shi ne tsarin da ya fi ƙarfi. Ƙari kuma, injin da ke aiki kullum ya fi wanda ke zaune lafiya. Lycoming da kansa yana ƙara awa 200 a kan wa'adin injin da ke yin awa 40 ko fiye kowane wata ba yankewa.

Kaftin: Ban musa ba Malam. Amma lura, wanda ka siffanta ya riga ya wuce 250, ya zama malami. Bakatsine yana tambaya ne a kan wanda bai kai ba.

Basakkwace: Kafin a yi nisa, wa ma zai iya mallakar jirgin? Rajistar Amurka, mai fara da harafin N, ana ba ɗan ƙasa ne ko mai katin zama na dindindin. Ɗalibin da ya shiga da bizar karatu ba ya cikinsu. Hanyoyin da suka rage masa biyu ne: ya sa jirgin a hannun amintaccen kamfani ɗan ƙasa ya riƙe masa da sunan amana, yana biyan kuɗin riƙo duk shekara, ko ya kafa kamfani a can wanda ba na ɗan ƙasa ba, da sharaɗin kashi 60 cikin ɗari na awannin jirgin a cikin Amurka ake yin su. Buɗe ƙaramin kamfani kawai ba ya warware matsalar, don FAA tana duba su wane ne masu kamfanin. Sannan ga batun biza. M-1 da yawancin makarantun tuƙi ke bayarwa ba ta ba da damar aiki lokacin karatu, F-1 ce ta fi ba da damar yin koyarwa bayan an gama. Karɓar kuɗin haya da gudanar da harkar jirgi a kan bizar karatu abu ne da lauyan shige da fice zai duba kafin a biya ko sisi, don kada a je neman awa a rasa bizar.

Hajiya Akanta: Na gode Yaya, wannan ya kamata ya zo farko. In ƙara da inshora, tunda in ba bashi ita ce ta fi girma cikin kuɗin da ba ruwansu da tashi a lissafina. Inshorar jirgin da mai shi kaɗai ke tuƙawa daban, ta jirgin koyarwa da haya daban, kuma ta biyun ninkin-ba-ninkin ce. Wanda ya bar jirginsa a kan ta farko ya ba da haya, ranar da abu ya faru ba za a biya shi ba. In jirgin zai shiga ƙarƙashin inshorar makaranta, ka nemi kwafin takardar ka duba abu huɗu da idonka: sunanka yana ciki a matsayin wanda aka ba kariya, kai za a biya in jirgin ya lalace ba makaranta ba, darajar da aka rubuta ta isa ta sayi irinsa a yau, kuma wa ke biyan kason farko da inshora ba ta ɗauka. Darajar nan a kula da ita. In ka rubuta ƙasa da kima don kuɗin shekara ya ragu, ƙaramin haɗari zai sa su ce jirgin ya mutu, su ba ka abin da ka rubuta su tafi da shi. Kariyar da aka fi sayarwa dala miliyan 1 ce, amma da iyakar 100,000 ga kowane fasinja, kuma a kotun Amurka wannan ba ya nisa. Watannin da jirgi zai yi a wurin gyara kuma babu haya, amma inshora da wurin ɗauri da bashi suna nan suna ci.

Malam Na Bakin Kasuwa: Allah ya saka da alheri. Tunda an ambaci bashi, bashin sayen jirgi a can da kuɗin ruwa yake zuwa, kuma da yawanmu ba za su shiga ba. Haya ita kanta halal ce, kuma a ƙa'idar ijara manyan gyare-gyare da asarar da ba sakacin mai haya ya jawo ba suna kan mai kaya ne, wanda ya yi daidai da yadda yarjejeniyoyin nan suke. Mafitar da ta fi sauƙi ita ce haɗin gwiwa: mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su saya, ba haya ba bashi.

Malamin Tuƙi: Wannan ta Malam ita nake ba ɗalibai shawara a kai. Mutum huɗu, 150 ko 152 guda, kuɗin shekara a raba huɗu, kowa ya zuba kuɗin awa a asusu ɗaya don inji. 152 yana shan wajen galan 6, wa'adin injinsa awa 2,400. Babu binciken awa 100, inshora ta masu jirgi ce ba ta haya ba. Sannan mutum biyu za su iya tashi tare su raba kuɗin mai: ɗaya ya sa abin rufe ido yana tuƙi da agoguna, ɗayan yana duba masa waje, kuma in sun tsara wanda ke shugabancin jirgin yadda doka ta ce, dukansu suna rubuta lokacin da aka yi ido a rufe. A dai auna nauyi. 152 da cikakken tanki abin da ya rage wa mutane wajen kilo 170 ne, manya biyu da jaka sun cinye shi.

Bakatsine: In dai an dage sai an saya don haya, wanne ne ya fi? Na ga Piper Warrior ya fi 172 araha.

Injiniya: Araha ba ta ado, ƙanena, kuma a nan akwai dalili takamaimai. A 2018 fiffiken wani Piper Arrow na makaranta ya cire a sama a Daytona Beach, aka gano tsagewa a ramin ƙusoshin ƙashin fiffike. FAA ta fitar da umarni mai lamba 2020-26-16 wanda ya shafi Warrior da Archer da Arrow da wasu, a duba ramukan da na'ura in jirgi ya kai awa 5,000 na lissafi na musamman. Ga yadda lissafin yake: kowane binciken awa 100 da ke littafi ana ƙirga shi awa 100 cif, sauran awannin kuma a raba su da 17. Wato awar makaranta ɗaya daidai take da awa 17 na mai jirgi. Jirgi mai awa 8,000 da bincike 40 a littafi yana kan 4,000 da 235, wato 4,235. Ka ba shi haya yana yin 700 a shekara, cikin shekara ɗaya da 'yan watanni ya haye 5,000. In aka duba aka ga tsagewa, sai an canza ƙashin. Ba ina cewa kada a sayi Warrior ba, jirgi ne mai kyau, amma a zauna a ƙirga littafinsa shafi-shafi, a kuma duba matsayin umarnin a ranar da za a saya.

A 172 kuma a lura da samfurin N na 1977 zuwa 1980 mai injin O-320-H2AD, wanda ya yi suna wajen cin kamshaf, har sai da aka wajabta zuba masa wani sinadari a baƙin mai. Samfurin M mai injin E2D da P mai injin D2J ba su da wannan tarihin. Kuma tambayi makarantar abin da take so tun kafin ka saya. In duk jiragenta 172S ne masu allon zamani na G1000, ɗalibanta ba za su hau tsohon M ba ko ka rage dala 30.

Binciken kafin saye kada makanikin mai sayarwa ya yi shi, kada kuma na makarantar in ita ce ta haɗa cinikin. A auna matsin kowace silinda a kan 80, a zura kyamara ta ramin fulogi a kalli bawul da bangon silinda, a yanka filtar mai a baza takardar a rana a nemi ƙyallin ƙarfe. Kamshaf na Lycoming a saman inji yake, in jirgi ya daɗe a ajiye mai yana tsiyayewa ya bar shi, tsatsa ta kama. Don haka injin da ya yi awa 400 cikin shekara 15 ya fi ba ni tsoro a kan wanda ya yi 1,500 cikin shekara 3. Wa'adin ma awa 2,000 ne ko shekara 12. A buɗe ƙananan murafan fiffike da wutsiya a nemi farin garin da alminiyam ke yi in ya fara ci. Littattafai su cika tun daga ranar ƙera, a nemi fom 337 na duk babban gyara, a tabbatar akwai ADS-B, na'urar da ke sanar da inda jirgi yake, wanda ya zama dole tun 1 ga Janairu 2020 a sararin manyan filaye. Kuɗi kuma ta hannun kamfanin riƙon amana za su bi, bayan an bincika rajistar FAA da ke Oklahoma City an ga babu bashin wani a kan jirgin.

Bazazzage: Wasu za su karanta su ce a kawo jirgin gida a ba makaranta a nan. A yi hattara, lissafin ya sha bamban. Man 100LL ba a samunsa a famfo a filayenmu yadda ake samun Jet A1, man manyan jirage, a duro ake shigo da shi, shi ya sa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda ke nan tun 1964, ta koma jiragen Diamond DA40 da DA42 masu shan Jet A1. Haya da naira za a biya ka, fulogi da taya da silinda da dala za ka saya. Makarantun da za su karɓa 'yan kaɗan ne, Zariya da Ilori su ne sanannu, kuma jirgi ba ya koyarwa sai ya shiga cikin takardun makarantar da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta amince da ita, gyara kuma a wurin da ta ba lasisi. Izinin PNCF na jirgin kai ne, ba a yin kasuwanci da shi, kuma a 2024 hukumar ta dakatar da izinin wasu masu jirage saboda haka. Ga hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, da ke sauke gani ƙasa da kilomita 5 a hana ɗalibai tashi kwana da kwanaki, ƙurar kuma tana cin filtar iska.

Abu mafi muhimmanci, a Najeriya ba a neman 1,500 kafin mutum ya zauna kujerar dama. Da CPL da lasisin agoguna da na inji biyu ake shiga, 1,500 na ATPL ne, na zama kaftin. Abin da ke tsare matasanmu shi ne horon takamaiman jirgi, Boeing 737 ko Embraer ko ATR. Wanda niyyarsa ya dawo gida, kuɗin 172 gara ya ajiye su don wannan.

Bakatsine: Allah ya ƙara girma, na fahimta. Haɗin gwiwar ya fi kwanta mini. Amma saboda masu katin zama da ke cikin zauren nan, me za a nema a yarjejeniya in za a ba da hayar?

Hajiya Akanta: Tun kafin yarjejeniya, ka ce su nuna maka awannin kowane jirginsu wata-wata na shekara biyu da suka wuce, ka kuma yi magana da wani mai jirgi da ya taɓa ba su haya ya janye. A takarda kuma: da wane agogo za a biya ka, ranar biya a kowane wata, wa ke sa farashin haya, iyakar kuɗin gyaran da za su yi ba tare da sun kira ka ba, ko suna ɗora riba a kan kayan gyara, nawa za ka biya in kai ka tashi, da kwana nawa ka ke bukata ka janye jirginka, 30 ya fi 90. In za ka samu su lamunce maka mafi ƙarancin awa a wata, ka samu babban abu, don in sun sayi sabon jirgi nasu shi za su fara cikawa. Ajiyar inji kuma a asusunka za ta zauna, kada ta zauna a nasu. Makarantun tuƙi suna rufewa ba sanarwa.

Kaftin: A ƙara da wannan: jirgi kawai kake bayarwa, ba jirgi da matuƙi ba. Ranar da ka ba wani jirgi ka kuma tuƙa shi ko ka samo masa matuƙi ya biya ka, ka shiga jigila, wadda ke neman takardar izini ta sashe na 135 na dokar FAA, kuma lasisinka ne zai tafi. Mai PPL ma abin da aka yarda masa shi ne raba kuɗin mai da na fili daidai-wa-daida da fasinjojinsa, shi ma ya biya kasonsa.

Injiniya: Littattafan jirgi na asali su zauna a hannunka, ko aƙalla ka ɗauki hoton kowane shafi bayan kowane bincike, don jirgin da littafinsa ya ɓata darajarsa tana faɗuwa warwas. A rubuta kuma cewa in an sabunta inji ko an canza silinda, ba a ba ɗalibai jirgin sai an gama horar da injin. Sabon zoben fistan yana bukatar aiki da ƙarfi, kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari, da man da ba shi da sinadarin wanki, har awa 50 ko har shan mai ya tsaya wuri ɗaya. In aka sa shi zagayen fili ana ja ana saki, bangon silinda zai yi santsi, injin ya riƙa shan mai, sai an sake cire silindar an karce ta. Waɗannan awa 50 ɗin mai jirgi ne ya kamata ya yi su da kansa a doguwar tafiya, ƙasa-ƙasa, kada ya haura ƙafa 5,000 sosai don inji ya iya ba da ƙarfin da ake nema.